Ɗigon Da Ya Makara

Litinin, 7 ga Oktoba, bayan la'asar

Ana ruwa tun azahar. Na fasa gilashi ɗaya a lab, ɗakin gwaje-gwajenmu na jami'a, na share, na yanko wani.

'Yata Ulfa ta dawo da aikin gida, wai kowa ya rubuta sana'ar mahaifiyarsa. Na zaunar da ita ina yi mata bayani da Hausa, tana amsa min da Turanci kamar kullum. Na ce ina ɗaukar gilashi ɗan ƙarami, bai kai kwalin ashana ba, in ɗora shi kan faifai mai juyawa, in zuba masa ruwan sinadari. Juyin ya baza ruwan ya zama shafe siriri, sai an tara sama da ɗari kafin ya kai kaurin gashin kanta guda ɗaya. Yana cikin juyawa sai in ɗiga masa wani ruwan daban da hannu, a daidai lokacinsa, sannan in gasa shi. In an duba a babban madubin lab, shafen nan ƙwayoyi ne a jere. Idan manya ne, babu rami a tsakaninsu, zai yi aiki a farantin sola.

Ta ce to kwamfutar me take yi? Na ce saurin juyi, da zafin gashi, da lokacin ɗigo, in za a gwada kowane haɗi sai mutum ya tsufa bai gama ba. Shi ya sa Fa'iz, abokin karatuna ɗan jihar Kelantan ta ƙasar nan da na zo karatu, ya rubuta manhaja. In ba ta sakamakon yau, ta yi lissafi, ta ce gobe a gwada kaza. Shi digirinsa manhajar ce, ni nawa gilashin.

Ta rubuta: mamana tana gasa gilashi.

Laraba, 9 ga Oktoba, da yamma

Shafen yau ya fito da hazo, kamar an hura masa numfashi. Ya kamata ya yi baƙi yana sheƙi. A madubi ƙwayoyin ƙanana ne, ga ramuka ko'ina. Na shigar da sakamakon yadda yake.

Fa'iz ya ce, "Ba komai lah, Kak. Manhajar tana koyo ko da daga mummunan sakamako ne." Kak yake ce min, wato yaya, don na girme shi. Lah kuwa haka suke ƙarasa magana a nan.

Alhamis, 10 ga Oktoba, da safe

Shayi ya zube min a hijabi. Na canza wani, na makara a jirgin ƙasa.

Juma'a, 11 ga Oktoba, bayan azahar

Biyu masu kyau da safe, sauran duk hazo. Manhajar ta fara ba da shawarar da ba ta taɓa bayarwa ba, wai a sauke zafin gashi ƙasa sosai. Watan jiya kullum ƙwayoyin ƙara girma suke, har Farfesa Rozita, mai duba aikinmu, ta liƙa hotonsu a ƙofar ofishinta.

Fa'iz ya ce ƙila damshi ne ya shiga rufaffen akwatin da muke aiki a cikinsa ta safar hannu, tunda ruwan sama ya ƙi ɗaukewa. Ya auna. Babu damshi.

Gajiya ce. Ba na samun barci sosai.

Lahadi, 13 ga Oktoba, bayan la'asar

Na zauna yi wa Ulfa kitso. Na tsaga layi, na kama, ya kuɓuce. Na sake. Ta ce ina ja mata gashi. Na ce gashin ne ya yi tsawo. A ƙarshe na kai ta unguwar Danau Kota wajen Ramatu, wadda ke yi wa 'yan makaranta kitso a falonta.

Ramatu ta ce, "Maman Ulfa, ke da kike koya mana shuku, yau ke ce da kawo 'ya?"

Na ce aiki ne ya yi yawa. Ta kawo min kunun gyaɗa. Na ce na ƙoshi.

Talata, 15 ga Oktoba, da yamma

Taron mako. Farfesa ta daɗe tana kallon hotunan. Sannan ta tambaye ni ko na canza wani abu a aikina. Na ce a'a. Gaskiya ne, ban canza komai ba.

Ta juya kan Fa'iz. Ta ce Husainatu shekara uku tana wannan ɗigon, hannunta ya fi na kowa a ɗakin nan, saboda haka ya koma ya duba lissafinsa. Ta ce in manhajar tana tura mu inda shafe ke lalacewa, to ba a gama ta ba. Ya ce to, Farfesa.

Da muka fito ya tsaya a bakin lifta yana goge tabarau. A watan Janairu zai kare digirinsa. An sa bikinsa bayan haka, iyayen yarinyar ne suka ce sai ya gama.

Na tafi ban jira liftar ba.

Laraba, 16 ga Oktoba, da rana

Hazo.

Juma'a, 18 ga Oktoba, bayan magariba

Baban Ulfa ya dawo da wuri daga unguwar Bukit Bintang, inda yake harkar tura kaya. Ya ce kayan da za a tura Kano ba su iso ba, sai Litinin. Ya tsaya a ƙofar kicin ina yanka albasa. Ya daɗe a tsaye.

"Husai, ajiye wuƙar nan."

Na ce na kusa gamawa.

"Ajiye. Miƙo hannunki in gani."

Na miƙa na hagu.

"Ɗayan."

Ban miƙa ba. Ya karɓi wuƙar ya ƙarasa yankan, manya-manya, yadda ba na so. Muka ci abinci. Ulfa tana ba mu labarin wata ƙawarta da ta koma Penang. Bayan ta tashi ya ce ya fi wata yana lura, yana jira in faɗa da bakina. Ya ce Sha'aibu sunansa, ba baƙo ba ne a gidan nan. Na ce gajiya ce. Ya ce to mu je likita ya ce gajiya ce.

Asabar, 19 ga Oktoba, da hantsi

Inna, mahaifiyarmu, ita ma da zubar da kofin shayi nata ciwon ya fara. Ina aji uku a sakandare.

Na yi wanki. An yi ruwa kafin ya bushe.

Litinin, 21 ga Oktoba, da safe

Na tarar da Fa'iz a kan sallaya bayan firjin sinadarai, da rigar jiya. A lab ya yi Asabar da Lahadi. Ya bi manhajar layi-layi, ya ce bai ga kuskure ba, amma dole yana nan. Idonsa ya yi ja. Na sauka mamak, shagon abincin da ke ƙasa, na yi masa tapau, wato ƙunshi, na roti, irin gurasarsu, da shayi. Ya yi ta godiya har na ji ba daɗi.

Talata, 22 ga Oktoba, bayan la'asar

Ya ce mu bar shawarar manhaja yau. In maimaita haɗi ɗaya sau biyar, kada in canza komai, mu ga ko za su fito iri ɗaya.

Na sa hannu cikin safar akwatin. Na farko ya yi kyau. A na biyu agogo ya kai, yatsana bai danna ba. Ina kallonsa, na ce masa danna, sai da ya ga dama. Ɗigon ya makara, kuma ya sauka a gefe. A na uku na tallafe gwiwar hannun da hagu. Na huɗu da na biyar ban san yadda suka yi ba.

Fa'iz yana can kan kwamfuta, ya ba ni baya.

Biyar ɗin suka fito kamar ba daga kwalba ɗaya ba. Ya yi murna. Ya ce, "Kin gani, Kak? Ba manhajar ba ce. Injin juyin ne!" Ya ɗauko sukundireba.

Na shiga bayi na daɗe.

Alhamis, 24 ga Oktoba, da yamma

Asibiti. Na gaya wa lab makarantar Ulfa ce ta kira taron iyaye.

Likitar 'yar Indiya ce, mai sanyin magana. Ta sa na zana da'ira mai nannaɗewa a takarda, na taɓa hancina, na yi tafiya a kan layi, na buɗe hannu na rufe da sauri. Baban Ulfa yana zaune da jakata a cinyarsa, yana kallon ƙasa. Ta tambayi ko akwai wani a dangi. Na ce akwai. Ta rubuta.

Aka sa ni cikin injin hoton kai. Ƙararsa kamar ta injin markaɗe. Na karanta abin da na iya.

Sakamako sai Talata.

Juma'a, 25 ga Oktoba, da rana

Ya kwance injin juyin gaba ɗaya ya mayar. Lafiyarsa ƙalau. Ya kira kamfanin da suka sayar mana, suka turo mutum, shi ma ya ce lafiya ƙalau.

Ban yi gilashi ba yau. Na ce sinadarin ya tsufa, sai na haɗa sabo.

Lahadi, 27 ga Oktoba, bayan azahar

Hassana ta kira daga Kano. Ta ce ta yi mafarkina, lafiya? Na ce lafiya lau. Muka yi maganar kuɗin makarantar yaranta, da rufin ɗakin Baba da ke yoyo. Tana riƙe da wayar da hannu ɗaya tana tankaɗe da ɗayan. Na yi ta kallon hannun. Bai yi komai ba.

Tare aka haife mu. In na gaya mata nawa, na gaya mata abin da za ta fara jira. Ban faɗa ba.

Litinin, 28 ga Oktoba, da yamma

Farfesa ta ba Fa'iz zuwa Litinin mai zuwa. In bai gano matsalar ba, a cire manhajar daga aikin, mu koma gwaji da ka kamar da, shi kuma ya ɗage kare digiri zuwa wani zangon. Ta faɗa a hankali, ba faɗa. Ya ce, "Boleh, Farfesa." Wato ya amince.

Ina zaune kusa da shi. Hannuna yana ƙarƙashin tebur, na danne shi da cinya.

Talata, 29 ga Oktoba, bayan la'asar

Ta faɗi sunan abin. Ba zan rubuta shi a nan ba.

Akwai maganin da ke sassauta shi. Babu mai tsayar da shi. Ta ce mutane suna shekaru da yawa suna aikinsu. Na tambaye ta aikin da ake auna shi da ƙiftawar ido fa? Ta ce wane irin aiki ne? Na yi mata bayanin ɗigon. Ta ce, "Babu injin da zai yi miki wannan?"

A jirgi babu wurin zama. Baban Ulfa ya riƙe ƙarfe da hannu ɗaya, ya riƙe ni da ɗayan, har tasharmu ta Wangsa Maju. Bai taɓa yin haka a cikin mutane ba.

Laraba, 30 ga Oktoba, da safe

Na fara shan maganin. Yana sa tashin zuciya.

Alhamis, 31 ga Oktoba, da yamma

Hutun Deepavali, bikin mabiya addinin Hindu, lab a rufe. Maƙwabtanmu na ƙofa sun aiko da kayan zaƙi a faranti. Ulfa ta tafi wajensu kallon zanen da suka yi da shinkafa mai launi a bakin ƙofa.

Baban Ulfa ya ce mu koma gida. Ya ce a can akwai Hassana, akwai 'yan uwansa, akwai mai kama min aiki. Ya ce shi harkarsa ko daga Kano zai iya yinta. Ga bizar karatu da za a sabunta a watan Fabrairu, ba mu san abin da za su ce ba in sun ga takardar likita.

Na ce saura shekara ɗaya.

"Shekara ɗaya da wane hannun?"

Da ya faɗa sai ya rufe fuska da tafinsa. Ya ce in yafe masa. Na ce ba ƙarya ya yi ba.

Na ba shi labarin Fa'iz. Duka, har da sallayar bayan firji, da maganar bikin. Ban taɓa gaya masa ba. Ya saurara har na gama.

"Yaron nan bai sani ba?"

Na ce bai sani ba.

"Husai, tafiya ko zama, wannan naki ne, ba zan matsa miki ba. Amma wannan ɗin ba naki ba ne. Haƙƙin mutum ne."

Na ce na sani. Na fi mako biyu da sani.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, bayan azahar

Na same shi shi kaɗai da safe, yana cire babin manhajar daga kundinsa yana ajiyewa a wani wuri daban. Na ce ya dakata. Na ɗauko abin ɗigon, na cika shi da ruwa, na miƙe hannu a gabansa ban tallafe ba. Muka tsaya mu biyu muna kallon bakinsa yana rawa. Ruwan ya ɗiga a kan tebur.

Na ce manhajarsa ba ta da laifi. Tana cewa a ɗiga a lokaci kaza, ni ina rubuta cewa an ɗiga a lokacin, alhali ba a yi ba. Wata guda tana koyo daga abin da bai faru ba.

Ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce na fara ji tun Satumba. Na tabbatar ran da muka yi biyar ɗin nan.

"Ran da na kwance injin."

Na ce eh.

"Kina tsaye ina kwancewa."

Na ce eh.

Ya cire tabarau ya mayar. Ya ce Allah ya ba ni lafiya, da gaske yake, na ji a muryarsa. Sannan ya ce ya riga ya kira mahaifin yarinyar shekaranjiya ya ce masa a ɗage bikin. Ya ɗauki hularsa ya tafi masallaci tun lokaci bai yi ba. Bai dawo lab ba.

Asabar, 2 ga Nuwamba, da rana

Ruwa. Ban fita ba.

Litinin, 4 ga Nuwamba, da yamma

Na shiga ofishin Farfesa kafin taro. Hoton ƙwayoyin watan Satumba yana nan a ƙofar.

Ta saurare ni ba ta katse ni ba. Ta tashi ta rufe ƙofa, ta zuba min ruwa rabin kofi, ta ajiye a gabana ba ta miƙo min ba. Ta tambayi abin da likita ta ce, na gaya mata. Ta ce mijinta ma yana da nasa ciwon da suke zaune da shi shekara da shekaru.

Sannan ta ce, "Amma kin ɓata mana wata guda, kuma kin bari na ɗora wa wani. Wannan ba ciwon ne ya yi ba."

Na ce haka ne.

Ta ce duk sakamakon Oktoba za a cire shi daga manhajar. Ranar da kwamiti zai duba ci gaban aikina ba za ta motsa ba, tana nan a Disamba. Maganar biza kuma ba a hannunta take ba, za ta rubuta abin da ta sani game da aikina, ba ƙari ba ragi. Ta ce a lab ɗin bene na sama akwai wani tsohon famfon sirinji da ba sa amfani da shi, in je in roƙa da kaina.

A taron ta ba Fa'iz haƙuri a gaban kowa. Ba ta faɗi dalili ba. Ni na faɗa.

Laraba, 6 ga Nuwamba, bayan la'asar

Na samo famfon. Duk ƙura, wayarsa a tsinke. Na ajiye a kan teburin Fa'iz da safe. Da na dawo daga sallah na tarar ya buɗe shi. Yana haɗa shi da injin juyin, yadda in faifan ya kai lokacin, famfon zai ɗiga da kansa.

Ba ya yi min magana sai ta aiki. "Miƙo." "Riƙe nan." "Ba nan ba." Ya daina cewa Kak.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, da yamma

Famfon yana ɗiga da ƙarfi, yana huda tsakiyar shafen. Na ce a sauko da bakin allurar, a karkata shi kaɗan, haka hannuna yake yi ba tare da na taɓa rubutawa ba. Muka yi ta gwadawa har la'asar. Shi yake ɗaukar gilashin da hantsaki, ni ina kan madubi da awo. Linzamin kwamfuta na mayar da shi hagu.

Na gaya wa Baban Ulfa zan zauna. Ya ce to. Ya ce zai riƙa dawowa da wuri ranakun da nake da madubi.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, bayan magariba

Na kira Hassana na gaya mata. Ta yi kuka, ta zage ni don na ɓoye, ta sake yin kuka. Sannan ta ɗaga hannunta a gaban waya ta ce, "To ga nawa, kalle shi da kyau, ki daina satar kallo." Muka yi dariya. Ban san me ya ba mu dariya ba.

Talata, 12 ga Nuwamba, da yamma

Haɗi ɗaya sau biyar, da famfo. Biyar ɗin baƙi, suna sheƙi, ba ka bambance su. Fa'iz ya jera su a kan farar takarda ya ɗauki hoto. Ya goge Oktoba, ya kunna manhajar. Ta yi lissafinta ta ce a ƙara zafi kaɗan, a jinkirta ɗigo kaɗan. Shawara mai hankali, irin ta da.

Na ji shi a baranda yana waya da harshensu, ina jin da mahaifin yarinyar ne, yana ta cewa Janairu. Ban san amsar da aka ba shi ba. Ban tambaya ba.

Alhamis, 14 ga Nuwamba, bayan la'asar

Ƙwayoyin yau sun fi na Satumba girma. Babu rami ko ɗaya a duk inda na duba. Farfesa ta ce kowa ya sauko mamak, ita za ta ciyar.

Na so in ce ina da aiki. Tun da abin ya yi ƙarfi ban ci abinci a gaban kowa ba sai a gida. Jiya Baban Ulfa ya ce min ya tambayi limaminsu, ya ce mai lalura babu laifi a kansa. Na ce na ji. Amma shekara talatin da shida ban taɓa kai loma baki da hagu ba.

Muka zauna mu bakwai a dogon tebur. Aka kawo min shinkafa da kaza, da romo a ɗan kwano a damana. Na ɗauki cokali. Kafin ya kai rabin hanya shinkafar ta watse a kan tebur, wata a cinyata. Hirar ta tsaya, sannan kowa ya ci gaba da magana da ƙarfi fiye da da.

Na ajiye cokalin. Na share cinyata. Na ɗauke shi da hagu, na yi bismilla.

Fa'iz yana zaune a gabana. Bai ɗago ba, yana ta yagar rotinsa. Ya miƙo hannu ya ɗauke kwanon romon daga damana ya mayar hagu, ya matso da kofin ruwan ma.

"Makan lah, Kak," ya ce, wato ki ci. "Zai huce."

Na cinye tas.